Saƙon da gidan waya ya maido mani

Mijin ɗiyata ne ya tada maganar, wata Laraba bayan la'asar, ina zaune tsakar gida ina tsintar wake. Ya dawo daga tasha, inda yake aikin karɓar saƙonni a wani kamfanin motoci, ya ja kujera ya ce wai ya ji ana gardama a rediyo, ko ya kamata gwamnati ta sayar ma ƴan kasuwa da gidan waya. Shi kam, in ji shi, da shi ke da iko da tuni an wuce wurin.

"Gidan da gizo-gizo ya fi ma'aikata yawa," ya ce. "Saƙon da za su kai cikin sati biyu, mu gobe da hantsi ya isa Yamai."

Ni da suruki ba mu haɗa ido, haka aka tashe mu. Sai na dubi ɗiyata na ce, "Tambayi mijinki, in saƙo ya isa bai tarar da mai shi ba, mi suke yi da shi?"

Yana nan zaune, taku uku tsakaninmu. Ya ce, "A faɗa ma Inna, muna kiran lambar salular da ke jiki."

"In ba ta shiga ba fa?"

"A faɗa ma Inna, sai ya jira mai shi a shago."

"Har yaushe?"

Ya yi dariya, ya ce Inna kam da ta yi lakwal da alƙali aka naɗa ta. Ɗiyata ta ce mu bar ta ta huta, ita ba tafinta ba ce. Maganar ta mutu nan, amma ni ta kwana biyu tana cina.

Lakwal, makarantar boko ke nan, ban yi ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma gidan wayar Dakoro ba mai ba ni labarinshi. A gindin iccen bedin da ke ƙofarshi na aje ƙwaryar furata tun ina goyon ɗiyar nan, har gashina ya yi fari a wurin. Ni Bagobira ce ta Birnin Lalle, zanen fuskata ya isa shaida, kuma gidanmu ba a san wanda aka taɓa kayarwa da magana ba. In na ɗauko tatsuniya har manya sai sun aje abin da ke hannunsu. Bakin nan shi ne dukiyata, shi ne kuma ya yi mani ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Maigidana dillalin bisashe ne. Shi ya fara kama akwati a gidan waya duk unguwarmu, wani ɗan akwatin ƙarfe cikin bango, mai lamba da mabuɗi. Da shi ake aiko ma kowa wasiƙa, har mutanen Ajekoriya da makiyayan Rumbu da ke sauka gidanmu ranar kasuwa. Daga Maradi motar wasiƙa ke zuwa. Da damina in hanya ta yanke sai a jira, ba mai fushi, an san tana tafe. Ranar da ta iso kuwa furata ba ta kai azahar, don mutum in yana jiran labari ƙishirwa ke kama shi.

Babban ma'aikacin gidan wayar a zamanin nan wani Bazabarme ne dogo, gwamnati ta turo shi daga yamma. Kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme, wasa ne tun kaka da kakanni. Kullum da safe in ya zo wucewa sai ya ce, "Baiwata, an dama ta ubangidanki?"

Ni ko in ce, "Bawa ba ya sha sai masu shi sun ƙoshi. Je ka lashi tamburanka tukuna."

Ya sha, ya ce ba nono. Gobe ya dawo.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunanshi ba don mu ba mu kiran sunan ɗan fari, ya tafi bida, neman kuɗi, wata shekara da hatsi bai yi ba. Ya bi ƴan garinmu har Abijan, ya sauka hannun wani maigida Bahaushe da ke da nashi akwati a gidan wayar can, yana dako a kasuwa. Da farko wasiƙa muka gwada. Akwai wani tsoho mai tebur a ƙofar gidan waya da ke rubuta ma mutane da Faransanci. Na zauna gabanshi na zuba magana, tun daga gaisuwa, da yadda gero ya yi a gonar gabas, da akuyarmu da ta haifi uku, da wanda ya mutu da wanda ya yi aure, na rufe da nasiha. Ya ja layi biyar ya ninke. Na ce karanto mani in ji.

Ya ce, "Ina gaishe ka, muna lafiya, ruwa ya sauka, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Ina akuyar?"

Ya ce, "Takarda ba garke ba ce."

Daga ranar ban sake zama gaban teburinshi don ya rage mani magana ba, sai dai ya rubuta mani adireshi a bayan ambulan.

Da yaron ya zo ganin gida a shekara ta uku, sai ga shi da rediyo mai cin kaset. Ya nuna mani in aka danna baƙin maɓalli da ja tare, yana ɗaukar duk abin da aka faɗa. Ya bar mani shi da kaset guda, ya koma. Nan fa na samu filina.

Kaset ɗayan nan shi ke kai da kawowa tsakaninmu. Ba mu kaɗai ba, haka duk matan unguwa ke yi da nasu ƴaƴan. In maƙwabciya ta aiko maki da tuwo, ba ki riƙe mata kwano, ba ki kuma mayar da shi wofi. Haka muka ɗauki kaset. In ya zo, sau uku ake sauraronshi: ni kaɗai a ɗaka, sannan da mutanen gida, sannan a fito da rediyo tsakar gida maƙwabta su karɓi gaisuwarsu. Daga nan in mayar da zaren farko, in ɗora tawa maganar bisa tashi, ta shafe ta. Shi ma can haka yake yi. Ba wanda ya taɓa cewa a aje murya. Wa ke aje muryar mai rai?

Shi ba mai yawan magana ba ne, ubanshi ya biyo, fuska ɗaya ta kaset ke isarshi. Ni kuwa sai na cika biyun in ji ban fara ba. Ba na ce mashi ɗana, kunya ba ta bari. "Kai na can," nake cewa, "kana ji ko?" In ba shi labarin gari kaf, in kwaikwayi muryar kowa, in rufe da tatsuniya. Ya taɓa faɗa mani wai ran Lahadi ƴan Dakoro da ke can taruwa suke a ɗakinshi su saurare ni, har wani ɗan Kornaka ya yi hawaye da ya ji jakin maƙwabcinmu na kuka a bayan maganata. Na yi kamar ban ji daɗi ba. Duk wadda ta zo sayen fura a satin nan sai da ta ji labarin.

In na kai saƙon, Bazabarme ya ɗora shi a ma'auni, ya girgiza kai. "Ya fi na wancan karo nauyi, baiwata. Surutu ya ƙaru." Ya manna tambur, ya buga hatimi, ya jefa cikin jaka. Wata biyu, in an daɗe uku, kwano ya dawo da abin da ke ciki. Mun yi shekaru a haka.

Sai maigida ya rasu, bayan girbi, ciwon kwana huɗu. Bazabarme da kanshi ya buga ma yaron waya irin ta takarda, mai saurin nan. Ni kuwa duk wadda ta shigo gaisuwa sai in ce mata yana hanya, kafin sadakar arba'in zai iso. Har cewa na yi, ɗan Bagobira ba ya jin mutuwar uba ya zauna. Aka yi arba'in bai zo ba. Ina cikin takaba, ban fita ko'ina, amma magana tana da ƙafa, tana shigowa har ɗaka. Wai teku ta yi mashi daɗi. Wai ya samu mata can. Wai mai bakin nan yau ina bakin?

Na fita takaba da ƴan kwanaki kaset ya zo. Nan na yi kuskuren farko. Maimakon in shiga ɗaka in ji shi ni kaɗai kamar yadda aka saba, sai na aika aka kira matan unguwa, don su ji uzurinshi da kunnensu su kama bakinsu. Aka shimfiɗa tabarmi, na sa ma rediyo sababbin pil, batir ke nan, na danna.

Ya yi sallama. Ya yi mani ta'aziyya, ya yi ma ubanshi addu'a mai tsawo, yana magana a hankali yana tsayawa. Na ɗauka kuka ne ke tsayar da shi. Ya gaida kowa da sunanshi, gida gida. Sannan ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, bana ba zan samu zuwa ba."

Wata daga bayana ta ce, "Allah sarki, ƴaƴan yanzu."

Na kai hannu na kashe. Na ce masu pil ne suka yi sanyi, a tashi sai wani jiƙo. Kowa ta san ƙarya nake, a gabansu na ɓare su daga takarda. Suna fita na ɗauki rediyo na shiga ɗaka, na mayar da zaren farko, na danna baƙi da ja.

Ban yi mashi baki ba, Allah ya tsare ni da wannan. Amma duk abin da ke ƙasa da baki kaɗan, na faɗa. Na tuna mashi ranar da ubanshi ya ɗauke shi a wuya daga Birnin Lalle har gidan likita na Dakoro yana ƙaramin yaro maciji ya sare shi. Na ce baƙi suka ɗauki gawar uban, ɗan da ya haifa yana can yana ɗaukar buhunan wasu. Na ce in kifin teku ya mantar da shi furar gero, to ya zauna, in tawa ta zo ma kada ya wahalar da ƙafarshi. Na jero karin magana, wata na kama wutsiyar wata. Wallahi tun da nake ban taɓa magana mai tsari irin ta ranar ba, ina yi ina jin daɗin yadda take fita. Sai da maƙogwarona ya bushe na tsaya. Washegari na kai gidan waya. Bazabarme ya ɗora a ma'auni ya buɗe baki zai yi wasanshi, ya dubi fuskata ya fasa.

Wata biyu suka wuce, uku suka wuce. Na ce fushi yake, zai huce. Damina ta zo, aka yi shuka, aka yi noman farko. Mabuɗin akwati ya dawo hannuna tun rasuwar maigida, na ɗaure shi a bakin zane. Duk ranar da mota ta zo sai in bar ƙwarya in je in buɗe, in kwaso wasiƙun mutane in raba masu, kamar don su nake zuwa. Ban taɓa tambayar Bazabarme ko akwai nawa ba. Uwa ba ta tambayar ɗan fari a bainar jama'a, balle ni da na riga na cika baki. Shi ma bai taɓa cewa babu ba. In ya ga na rufe akwati sai ya ce, "Hanya ce, baiwata, ruwa ya ɓata ta."

Sai da aka fara cin sabon gero, wata safiya ya leƙo ta taga ya kira ni. Ba da baiwata ya kira ni ba, Inna ya ce. Da ina da hankali da nan na gane. Na shiga, ya nuna mani kujera, ga ambulan mai ruwan ƙasa a hannunshi, duk jikinta hatimai, gefenta ya goge don tafiya. Na ji taurin kaset daga nesa, in ana jin abu da ido. Na fizge.

Ya ce, "Inna, zauna tukuna in yi maki bayani."

Na ce, "Riƙe bayaninka, bawa. Mai shi zai yi mani da bakinshi."

Ko ƙwaryata ban ɗauka ba. A hanya duk wadda na gani sai in ɗaga mata ambulan in ce ta biyo ni. Wanda bai iya karatu ba, duk ambulan ɗaya ce gare shi. Matan nan da suka ji farkon magana, su na tara su ji ƙarshenta. Na zauna tsakiya, na gyara kallabi, na danna.

Muryata ce ta fito.

"Kai na can, buɗe kunnenka da kyau."

Na ɗauka rediyon ne ya rikice. Na jira ta wuce tashi ta shigo, ba ta wuce ba. Ga ni nan ina zuba, tsakar gida ta cika da ni, maciji, gawa, buhuna, kifin teku. Abin da na faɗa ni kaɗai a ɗaka, yau ga shi a rana kowa na ji. Hannuna ya ƙi zuwa wurin maɓalli. Matan suka fara tashi ɗaya ɗaya, kowa na neman takalminta ba ta dubi ƴar'uwarta ba. Wadda ta ce ƴaƴan yanzu ita ta tashi ƙarshe, ta dafa kafaɗata ta fita. Aka bar ni da bakina.

Na saurare shi har ƙarshe. Na ji inda maƙogwarona ya bushe, na ji ƙarar maɓalli da na kashe a wancan karo. Sai wani ɗan shuu. Sai ga muryarshi, daga tsakiyar magana, ragowar abin da tawa ba ta kai ta shafe ba.

"...to shi ya sa. Likitan ya ce in kumburin ya sace zuwa wata mai kamawa, za su bar ni in fita. Kada ki faɗa ma ƙanwata, kada hankalinta ya tashi. Da ban so in gaya maki ba, amma na ga in na yi shiru za ki ce ƙi na yi. Ki sa ni addu'a, Inna. In za ki maido kaset ki sa mani tatsuniya ko guda biyu, yini na da tsawo a nan."

Ya yi tari. Wani ya yi magana da Faransanci kusa da shi. Zaren ya ƙare.

Iyakar abin da ya rage ke nan. Wane ciwo ne, tun yaushe, wace likita, a wane gari, wa ke jinyarshi, duk ya faɗa, na tabbata ya faɗa, don shi mutum ne mai bin magana daki daki. Suna nan ƙarƙashin karin maganata. Na tsaya inda ya ce ba zai zo ba, na koma farko, na yi ta zuba har na wuce inda na tsaya, na bi ta kan bayaninshi na niƙe. Da ni mai gajeriyar magana ce kamar sauran mata, da na san inda zan neme shi.

Washegari na koma gidan waya, na zauna bisa kujerar da na ƙi jiya. Bazabarme ya bi hatiman da yatsa yana karanta mani. Wannan na Dakoro, wannan na Yamai, wannan na can. Saƙon ya isa, ya zauna yana jira ba wanda ya zo karɓa, sai suka rubuta a maido ma mai shi.

Na ce, "Wa ya sa su? Ni ban biya na dawowa ba."

Ya ce, "Doka ce, Inna. Abin da aka manna ma tambur sai ya ƙare a hannun mutum. In ba na wanda aka aika ma ba, to na wanda ya aika."

Na faɗa mashi abin da ke cikin kaset, abin da ban faɗa ma ɗiyata ba sai bayan shekaru. Ya jawo takarda mai tambarin gwamnati ya rubuta ma takwaranshi na gidan wayar can, mutumin da bai taɓa gani ba, yana tambayar labarin mai akwatin. Aka daɗe, amsa ta zo. Maigidan nan Bahaushe ya kwashe iyalinshi ya bar garin, an rufe akwatin, ba a san inda ya nufa ba. Mutumin ya ƙara da cewa ya aika an tambaya a unguwar, ba a dace ba. Manyan ma'aikata biyu, ƙasa da ƙasa, suna wahala a kan ɗan mai fura.

Duk da haka na sayi sabon kaset, karo na farko a rayuwata, na cika shi da tatsuniya fuska biyu, ba faɗa ko ɗaya, na aika. Bazabarme ya san inda za ya ƙare, amma ya manna tambur ya buga hatimi. Ya je ya dawo. Duk wanda ya zo daga Abijan ɗiyata ta je ta tambaye shi. Wani ya ce ya ji an kai shi wani gari wurin mai magani. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Kumasi. Ba wanda ya zo da labarin mutuwa, saboda haka ba mu zauna makoki ba, har yau.

Ana cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Tawa ta koma, gwamnati ta ɗauko ta daga bakin teku ta damƙa mani. Na gode ma Allah bai ji ta ba, yana kwance da kumburi. Amma in na juya abin sai ya fi ciwo. Yaro ya faɗa ma uwarshi ba shi da lafiya, ya roƙi tatsuniya biyu, ya yi ta jiran kwano, kwano bai dawo ba. Mi zai ɗauka? Ko zagi ne da ya san na ji shi.

Kaset ɗin yana cikin adakata. Lokacin da rediyon ke da rai, in ina son jin ɗan guntun nan nashi, dole in bi ta kan tawa muryar, don ban san inda zan tsayar da zare ba sai na ji. Na haddace faɗan nan fiye da kowace tatsuniya da na sani.

Bazabarme ya aje aiki ya koma ƙasarsu. Ranar da zai tafi ya tsaya gindin bedi ya ce, "Baiwata, na ƴanta ki." Na ce, "Tafi, bawan da ya tsufa ba a riƙe shi." Na dama mashi fura da nono mai yawa, ya sha bai kushe ba. Ashe ya bar ma wanda ya gaje shi wasiyya a kan akwatina, kada a rufe shi, shi ma ya bar ma na bayanshi. Yanzu wata mata ce a wurin, in ta hango ni tafe sai ta fito da kujera.

Ban ce mijin ɗiyata ƙarya yake ba. Na ga gidan wayar nan yana tsufa tare da ni. Tsoho mai tebur ya mutu ba wanda ya gaji teburin. Akwatunan bangon nan yawancinsu ba mai buɗewa. Salula ta zo, ni ma da ita nake jin muryar ƙanwata da ke Agadas, yau yau, ba sai wata biyu ba. Motocin su surukina sun fi sauri, gaskiya ne, kuma ko a da can gidan waya ya sha sa mu jira har mu gaji. Amma wancan na can bai san lambar salular kowa ba, lokacin da ya ɓace babu ita. Gidanmu na da ma an sayar, na dawo hannun ɗiyata. Abu guda ya sani a duniyar nan da zai same ni da shi, lambar ɗan akwatin ƙarfen nan. Na yi kasuwa shekara da shekaru, na san ɗan kasuwa, ban kuma zarge shi ba. Ni ma ranar da fura ba ta fita a wuri, tashi nake in sake inuwa. In ya sayi gidan ya dubi bangon da ba ya kawo mashi komi, a gari irin namu da ke ƙarshen hanya, zai bar shi don wata tsohuwa na jiran kaset?

Bana ƙafafuna sun ƙi. Daga ɗaki zuwa inuwar zaure sai da sanda. Kwana biyu bayan gardamar nan, da safe suruki na shirin fita, na kwance mabuɗin daga bakin zane na aje bisa tabarma, na tura shi wajen ɗiyata.

"Ba mijinki. Gidan waya a kan hanyarshi yake. Ya riƙa buɗewa duk sati."

Ya tsuguna ya ɗauka da hannu biyu. "A faɗa ma Inna, in sha Allah ba zan fasa ba."

"Da saura. Ranar da na mutu, kada ku riƙe akwatin ku yi shiru. Ya je ya mayar ma matar nan da mabuɗi, ya faɗa mata. In wani abu ya zo da sunana, ta rubuta a jiki ta rasu, ta buga hatimi, ta mayar ma mai shi. Ya san mutuwa ce ta hana ni amsawa."

Ɗiyata ta juya baya tana gyara murhun da ba wuta.

Na ce, "Tambaye shi, in sun saya, za su yi wannan?"

Ya daɗe yana juya mabuɗin. Ya ce, "A faɗa ma Inna, kamfani ma yana iya yi."

"Yana iya. Wa zai tilasta shi?"

Ya sa mabuɗin a aljihun gaba ya fita, na ji tashin babur ɗinshi. Da la'asar ya dawo, ya tsaya daga bakin zaure ya cire takalmi, ya ce ma matarshi ta faɗa mani matar gidan waya na gaishe ni da ƙafa, ya kuma buɗe akwatin, ba komi wannan satin.

Na ce a ce mashi an gode, ya sake dubawa sati mai zuwa.